Igiyar Shanya

Ina da wani ɗan ciwo: ba na iya ganin mutum riƙe da tasta ban raina shi ba. Gyaran wuta ne sana'ata, kuma na lura duk wanda ya sayi wannan ɗan sukurdireba mai fitila, washegari sai ya tashi injiniya.

Mijin ƙanwata ya sayi nasa.

Da rana tsaka ƙanwar tawa ta kira ni. Firizarta ta mutu, ga ƙanƙarar da take sayarwa maƙil a ciki, har ta soma zuba. Na iske ta tana tare ruwa da tsumma, shi kuma maigidan yana tsaye, tasta a aljihun gaba kamar biron gwamna.

"Yaya, ni fa ban taɓa komai ba," in ji shi. "Wata wayar banza kawai na cire da safe."

"Wace ce ta banza?"

Ya nuna tsakar gida. Ga ta can an ɗaure daga taga zuwa ƙusa, singiletinsa na lilo a kai.

"Na sa mata tasta ba ta kawo haske ba. Ba ta aikin komai."

"Kai ma in an sa maka tasta ba za ka kawo haske ba," na ce, "amma ba mu yi shanya da kai ba."

Na zaunar da shi na yi masa karatu. Wuta ba baƙuwar da ke zuwa ta tare ba ce. Ta waya ɗaya take shigowa, ta yi aikinta, ta koma ta ɗayar. Wannan ta komawar ita ce nutural. Ka cire ta, ko ƙwan fitila ba zai kama ba. Na maimaita masa a hankali, yadda ake yi wa mai ciwon kunne.

"Yaya, ƙanƙarar..." in ji ƙanwata.

"Bari in gama da mijinki."

Na sauke singiletin da yatsa biyu, na mayar da waya mazauninta, na ɗaure tam. Na sa su matsa baya, na gyara tsayuwa, na kunna firizar.

Shiru. Sai ɗigar ruwa.

Maƙwabciya ta leƙo aron bokiti. Ita ta gaya mana an ɗauke wutar unguwar gaba ɗaya tun da hantsi.