Kafaɗar Anti Tela

Wata goma sha ɗaya Anti Tela ta yi tana ɗaga surukarta. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Inna, ita ke tayar da ita daga gado, ta zaunar da ita a kujera, ta kai ta banɗaki, ta dawo da ita. Sau shida a rana, wani lokacin bakwai, Inna kuwa ba ƙaramar mace ba ce. Mijin Anti Tela, ɗan farin Inna, yakan leƙa ɗaki da safe ya ce, "Inna, ya jiki?" ya wuce wajen aiki. Ƙanwarsa da kowa ke kira Auta tana zuwa ran Asabar da ledar lemo, ta yi hira, ta tafi kafin a kai ga banɗaki.

Ciwon ya fara wa Anti Tela a kafaɗar dama, kamar an soka mata tsinke. Ta share. Da tafiya ta yi tafiya sai ta kasa ɗauko yadi daga saman kanta a shagonta na ƙofar gida, ta kasa taje kanta, rigarta ma sai ta yi dabara take sakawa. Ranar da almakashi ya suɓuce mata a tsakiyar yankan atamfar mutane, ta gaya wa mijinta.

Ya ce, "Ki shafa man zafi. Gajiya ce."

Ta tafi asibiti ita kaɗai. Likita ya duba, ya tura ta sashen gashin ƙashi, wani dogon ɗaki mai gadaje huɗu da labule tsakaninsu, da madubi a bango, da keken motsa jiki. Mai gashin wata gajeriyar mata ce mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Ta sa ta ɗaga hannu ta gefe a hankali. Hannun bai kai daidai kafaɗa ba Anti Tela ta cije leɓe. Matar ta danna wani wuri da babban yatsa, Anti Tela ta zabura.

"Jijiyar da ke ɗaga hannu ce ta wahala," in ji mai gashin. "Ba ta tsinke ba. An yi mata aikin da ya fi ƙarfinta."

Ta miƙo mata wata doguwar roba rawaya. Ta nuna mata yadda za ta ɗaure ta a hannun ƙofa, ta matse ƙaramin tawul a hammata, ta ja robar waje sau goma. Ta nuna mata yadda za ta sunkuya ta bar hannun yana lilo, da yadda za ta hau bango da yatsu.

Anti Tela ta dubi robar. "Awa uku ina zaune a benci don a ba ni roba? Likita, ki yi min allura in koma bakin aikina."

"Allura za ta kwantar da zafin na ɗan lokaci, ba za ta ƙara wa jijiya ƙarfi ba. Ki yi wannan kullum, ki rage ɗaukar abu mai nauyi, ki dawo bayan sati huɗu."

Anti Tela ta yi tsaki a ranta ta cusa robar a jaka. Ba ta ce komai game da Inna ba, don ba ta saba kai zancen gida waje ba.

Ta yi yadda aka ce, safe da yamma, a ƙofar kicin. Wata Asabar Auta ta same ta tana ja, ta tuntsire da dariya. "Matar Yaya, dambe za a shiga ne?" Anti Tela ta haɗiye maganar da ta zo bakinta, ta saki robar, ta je ta ɗaga Inna.

Da ta koma asibiti hannun ko inda ya kai da farko bai kai ba. Mai gashin ta cire tabarau.

"Ba kya yi."

"Ina yi."

"Duk haka kuke cewa. Ku jefa robar a ƙarƙashin gado, ku dawo ku ce magani bai ci ba. Ina da mutum ashirin a waje, Hajiya, kada ki ɓata min lokaci."

Nan fa abin da Anti Tela ta daɗe tana dannewa ya fito. "Ni ce zan ɓata miki lokaci? Ni lokacin nawa wa ya taɓa tambaya? Ba ranar da na tsallake! Ina gamawa nake zuwa in ɗaga uwar mijina, mace mai nauyin buhu biyu, sau shida a rana, 'ya'yan da ta haifa suna nan da ransu da lafiyarsu! Ki ce ba na yi?"

Wani dattijo da ke kan keke ya daina takawa. Mai gashin ta ja labule.

"Ki yi haƙuri, na yi miki rashin adalci," ta ce. "Ya kamata in tambaya tun farko. Nuna min yadda kike ɗaga ta."

Mai gashin ta zauna a bakin gado kamar mara lafiya. Anti Tela ta zura hannun dama a hammatarta ta ja sama. Ba ta kai ko'ina ba ta saki, hawaye na zubo mata.

"Kin ga inda ciwon yake," in ji mai gashin. "Abin da roba ta gina da safe, kafin azahar kin rushe shi. Sati shida ba za ki ɗaga ta ba. Ki zo min da maigidan in koya masa."

Da Anti Tela ta isar da saƙon a gida, mijin ya ajiye cokali. "Ni namiji in kai uwata banɗaki? Kin ji abin da kike faɗa?"

"To Auta ta zo."

"Auta tana da gidanta."

"Ni a titi nake kwana?"

Ya tashi ya fita.

Asabar ɗin da ta biyo, da hantsi, yana falo yana kallon ƙwallo, Auta tana ɓare lemo, Inna ta yi kira. Ba wanda ya motsa. Inna ta sake kira. Anti Tela ta shiga, ta kama ta yadda ta saba. Suna tsakanin gado da kujera hannun ya mutu mata gaba ɗaya. Ta tare tsohuwar da gwiwa da ƙirji, suka sulale ƙasa tare. Inna ba ta bugu ba, amma ta tsorata, ta yi ƙara.

Auta ce ta fara shigowa. "Innalillahi! Yaya, zo ka gani, ta yar da Inna!"

Anti Tela ta miƙe tana riƙe da kafaɗa. "Na yar da ita? Wata goma sha biyu ina ɗauke da ita, ke sau nawa kika ɗauka balle ki yar? Ga ta nan. Uwarki ce. Ɗaga ta."

"Ke, wace irin magana ce wannan a gaban Inna?" in ji mijin daga bakin ƙofa.

"Kai ma uwarka ce. Wallahi hannuna ba zai sake ɗaga ta ba sai likita ta ce. Ku biyu ne, hannu huɗu."

Ta ja kujera ta zauna. Auta ta kama hannu ɗaya ta ja, Inna ta yi ihu. Mijin ya ture Auta, ya sunkuya, ya rungumo uwarsa ya yunƙura. Ya ɗago ta kaɗan, ya mayar, yana haki. Ya dubi matarsa kamar yau ya fara ganinta.

"Haka take da nauyi?"

Inna ce ta amsa, da harshenta da ciwo ya karya. "Da ka taɓa ɗauka... da ka sani." Ta juyar da kai wajen Auta. "Ke kuma rufe min baki."

Sai da Anti Tela ta gaya musu inda za su sa ƙafa da inda za su riƙe, daga inda take zaune, sannan suka mayar da ita gado.

Ran Talata mijin ya nemi izini a wajen aiki ya bi ta asibiti, fuska a murtuke. Mai gashin ba ta raga masa ba. Ta ɗaura wa kanta faffaɗan bel a ƙugu ta zauna, ta sa shi ya tokare gwiwoyinta da nasa, ya riƙe bel ɗin, ya tashi da ƙarfin cinya. Sau takwas tana cewa ya sake. Ta kuma ce a ɗaga ƙafafun gadon Inna, a kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Auta ta ƙi zuwa asibitin, amma yayanta ya ɗora mata rana uku a sati, ya ce ba shawara yake nema ba. Tun daga nan ta daina gaida matar yayanta. Anti Tela ba ta rasa barci a kan haka ba.

Sauƙin bai zo da wuri ba. Sai a sati na biyar ta iya kwanciya ta ɓangaren dama. A wata na uku hannun ya miƙe har kunne, mai gashin ta ce ta riƙa zuwa sau ɗaya a wata, kuma in za ta taimaka wajen ɗaga Inna, to su biyu.

Da safiyar da ta biyo mijin ya fito daga ɗakin Inna, rigarsa ta jiƙe da ruwan wanka, yana duba agogo.

"Na ji an ce kafaɗar ta warke," ya ce.

"Ta warke, alhamdulillahi."

Ya tsaya yana jiran sauran maganar.

"Ka bar tawul ɗinta a ƙasa," ta ce. "Ka koma ka shanya kafin ka fita."