Hatimin Gwaggo Chizuru

Ba don addu'ar cikar mahaifinsu shekara bakwai da rasuwa kaɗai Tatsuo ya kira ƙanwarsa Chizuru gida ba. Ita ma ta sani. Tun da ta sauko daga jirgin ƙasa a garin Akita na ƙasar Japan ta fahimci an gayyato ta ne ta zama abin wa'azi.

Nagisa, 'yar Tatsuo, ta samu gurbin karatun tarihi a jami'a, kuma sai da bashin karatu za ta iya zuwa. Takardar bashin na bukatar hatimi biyu a madadin sa hannu, na mahaifi ɗaya da na wani dangi da zai tsaya mata, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓa. Tatsuo ya rantse ba zai buga nasa ba sai yarinyar ta koma karatun haɗa magunguna.

Da aka gama addu'a baƙi suka watse, aka zauna cin abinci su huɗu. Fumie, matar Tatsuo, tana zuba shinkafa da gasasshen kifi bakinta a rufe kamar kullum. Shi kuwa ya ture kwanonsa gefe ya shimfiɗa wata takarda da ya ja wa layuka da jan biro. Mutum ne mai sayar da injinan noma, ko gaisuwa zai yi sai ya lissafa ribarta.

"Nagisa, duba nan," in ji shi. "Mai haɗa magani, shekarar farko, yen dubu ɗari biyu da tamanin a wata. Mai tarihi kuwa, ga gwaggonki nan zaune. Chizuru, faɗa mata nawa kike ɗauka."

"Yaya, ko miya ba za ka bari in sha ba?"

"Sha, ki faɗa."

Chizuru ta ji abin har cikin ranta. Shekarunta talatin da tara, ita ma tarihi ta karanta, tana aiki a ɗakin adana tsoffin takardu na wani ƙaramin gari, a kan kwantiragin da ake sabuntawa duk shekara. Ta daɗe da sanin cewa a gidan nan sunanta ne bulalar da ake tsorata yara da ita. Abin da bai taɓa faruwa ba shi ne a ce ta riƙe bulalar da hannunta.

Ta ajiye cokali. "Dubu ɗari da sittin. Bashi na cire dubu ashirin da biyu. Saura shekara biyar in gama. Ɗakina ɗaya, ba ni da mota, kuma rigar nan ita na sa ranar jana'izar Baba. Akwai sauran tambaya?"

"Kin ji ko?" Tatsuo ya juya ga 'yarsa. "Ni na tsaya wa gwaggonki a bashin nan, ni! Sau biyu wasiƙar gargaɗi ta zo gidan nan saboda ta makara. Shekara ashirin ina buɗe akwatin wasiƙa gabana na faɗuwa."

Wannan gaskiya ne, kuma Chizuru ba ta musa ba. Kunyar wasiƙun nan biyu har yau ba ta sake ta.

Nagisa ta ɗago kai, idanunta sun yi ja. "Gwaggo, kin yi nadama?"

Tatsuo ya gyara zama yana jiran amsar da ya biya kuɗin jirgi dominta.

"Duk ranar ashirin da bakwai ga wata ina yi," in ji Chizuru. "Ranar da ake cire kuɗin. Sauran ranakun kuwa, ina tashi in tafi aikin da nake so. Makon jiya na karanta wasiƙar wata manomiya da ta mutu shekara ɗari biyu da suka wuce, tana zagin mai karɓar haraji. Tun da ta rubuta ba wanda ya iya karanta hannunta sai ni. Na yi dariya har mai shara ta leƙo."

"Dariyar nawa aka biya ki?"

"Ba a biya ba, Yaya. Kai nawa ake biyanka a kan ciwon cikin da kake fama da shi tun kana shekara talatin?"

Ta juya ga yarinyar, ta daina wasa. "Ki saurare ni, don ba zan yi miki ƙarya ba. Lissafin babanki daidai ne, ko yen ɗaya bai ƙara ba. Ƙawayenki za su sayi gida kina haya. Za a yi biki ki ƙi zuwa don ba ki da abin sawa a ambulan. Idan kin ji wannan kin fasa, ba ki yi laifi ba, kuma ba zan raina ki ba. Kin fasa?"

"Ban fasa ba."

"Ɗaga murya, kunnen babanki ya fara nauyi."

"Ban fasa ba!"

Chizuru ta buɗe jaka ta fito da ɗan gidan hatiminta. Ta jawo takardar bashin daga ƙarƙashin gwiwar hannun Nagisa, ta dangwala hatimin a jar tawada, ta danna shi a gurbin mai tsayawa. Ta san abin da ta ɗauka: idan yarinyar ta gaza, ita za a bi, ita da ko nata ba ta gama ba. Tsoro ya kama ta sosai, amma hatimin ya fito tsaf.

Tatsuo ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Mai bashi ta tsaya wa mai bashi. To, madalla. Saura gurbin mahaifi, kuma nawa hatimin na cikin akwati, makullin na aljihuna."

Fumie ta ajiye butar shayi. "Takardar cewa ta yi uba ko uwa."

Duk suka juya suna kallonta. Shekara goma sha biyar tana shirya abincin kwali a wata masana'anta, tana fita tun asuba, kuma ba a taɓa jin ta sa baki a maganar kuɗi a gidan ba.

"Fumie, kar ki ba da ni gaban yara," in ji Tatsuo. "Hatimi ba ya aiki sai da takardar shaidarsa daga ofishin gari. Yau Lahadi, kuma ke kina aiki har Juma'a."

Ta sa hannu a aljihun rigar girkinta, ta fito da hatimi da wata takarda a ninke, ta miƙa masa. Ya buɗe, ya karanta, ya sake karantawa. Shaidar ofishin gari ce, da kwanan watan Litinin da ta wuce.

"Litinin?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Ranar da kika ce kin je likitan haƙori? Kina kallona ina ja wa takarda layi har kwana shida?"

"Ka tambayi Chizuru, ka tambayi malamin Nagisa, har maƙwabci ka tambaya," in ji Fumie. "Ni ba ka tambaye ni ba. Chizuru, miƙo min tawadar."