Wa Zai Wanke Toba?

Toba da Lulu ba ƙawaye ba ne, kuma 'yan tsirarun Yahudawan da suka rage a Yangon ta ƙasar Bama duk sun san da haka. Tun da daɗewa Toba take cewa bakin Lulu ya fi reza, Lulu kuwa tana cewa ko jinjiri ya ga fuskar Toba sai ya haɗiye dariyarsa. Amma da aka yi ta mutuwa, aka yi ta kwashe kaya, wasu Isra'ila wasu Ostareliya, sai aka wayi gari su biyu kaɗai ne matan da suka iya wankan gawa irin nasu. Mace ce ke wanke mace, wannan ba ya canzawa.

Ranar da suka wanke gawar tsohuwa Habiba, bayan sun fito suna ɗauraye hannu, don ba a hira a gaban mamaci, Lulu ta ce, "To, saura ni da ke. Wadda ta riga tafiya, ɗayar ta wanke ta."

"Gara ki riga ni," in ji Toba. "Na san ki da ganda, rabi za ki wanke ki bar rabi."

A bakin ne kawai. Kowa ya san alkawarin mutum ɗaya zai yi wa rana, amma Toba ta girme Lulu nesa ba kusa ba, ga hawan jini, ga ƙafa da ke kumbura. Don haka ta miƙe ƙafa abinta, ta ɗauka ita ce mai riba.

Ranar babban azumin neman gafara ne Lulu ta fasa ƙwan. Suna zaune a benen mata na majami'a, su biyu a kan kujerun da a da sai an matsa wa juna. A ƙasa maza ba su cika goma ba, saboda haka ba a fito da littafin Attaura ba, kowa yana ta ƙus-ƙus ɗinsa shi kaɗai. Babu wuta, fankoki tsaye cak, ruwan ƙarshen damina yana dukan rufi.

"Nissim ya aiko in koma wajensa," Lulu ta raɗa mata. Nissim ɗanta ne, yana Sidni ta Ostareliya. "Bayan bikinmu na bukkoki zan tafi."

"Ki dawo yaushe?"

"Haba Toba. In dawo in yi me? Ƙasar da yaran ma gudu suke yi?"

"Ni fa?"

"Ke me?"

"Kin sani sarai."

Lulu ta kawar da kai tana gyara gyale. "Ke da za ki binne mu duka. Irinku ai mutuwa ma tsoron masifarku take."

Toba ba ta yi dariya ba. Ranar gafara ce, ranar da ake so kowa ya yafe wa kowa kafin faɗuwar rana, amma Toba ta sha ruwa da abinta a zuci, ba ta yafe ba. Ko rakiya ba ta yi wa Lulu ba. Da motar ta wuce ta ƙarƙashin gidanta tana hon, tana ji, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Daga nan kaɗaici ya tare a gidan da kayansa. Mijinta Ezra ya daɗe a ƙasa, Allah kuma bai ba su haihuwa ba. Gidanta can saman wani tsohon bene ne mai matakala a tsaye kamar tsani, ba mai hawa sai da dalili. Tana da igiya da ta zuro daga baranda, masu talla su ɗaura mata miyar kifi ko kayan ganye ta ja sama, sai ta yi kwanaki ba ta yi magana da kowa fuska da fuska ba. Da, ko ba komai, duk Asabar Lulu takan hau tana haki tana zagin matakalar, ta ci kaza da shinkafar da suka kwana a wuta, ta ce gishiri bai ji ba. Ashe zagin ma abin kewa ne.

Ba mutuwar take tsoro ba. Likkafaninta yana cikin akwati, da hannunta ta ɗinka, babu ƙulli babu kalmasa, yadda ya kamata. Abin da ke hana ta sukuni shi ne a tura ta gaban Ubangiji da dattin duniya, ita da ta wanke matan garin nan kaf.

Ta je ta sami Sasson, dattijon da ke riƙe da makullin majami'a. Mutumin kirki ne, sai dai komai ka kawo masa yana da waya a kansa.

"Kada ki damu, Yaya Toba. In ta faru, sai mu buga Singafo, su turo mata ta jirgi."

"Ta jirgi? Ni kuma ina kwance ina jiran biza? Da zafin garin nan? Yaushe muka fara ajiye gawa tana kwana, Sasson?"

"To ya za a yi? Ni dai kin san ba zan shiga ba."

"Wa ya gayyace ka?"

Ta dawo gida da takaici. Dabara ɗaya ce ta rage, kuma ta daɗe tana kewaye ta kamar mai kewaye kwata. A ƙasan benenta akwai Zubeda, Musulma, mai suyar sambusa, wadda ita ake kira wankan gawa duk lokacin da mace Musulma ta rasu a layin. Shekara da shekaru tsakaninsu sai gaisuwa. Toba ta sani ba haka aka koya mata ba, nasu ne ke wanke nasu. Ta yi ta jan ƙafa har damina ta ɗauke. Wata safiya jiri ya kwashe ta a bakin murhu, ta farfaɗo ta tarar shayi ya ƙone ƙurmus, kuma ba wanda ya sani. Tana iya tashi ta leƙa baranda ta ƙwala wa Zubeda kira.

Zubeda ta hau da rana, bayan ta sauke kasko, tana goge hannu da gefen zani. Ta tarar an kwashe komai daga teburin cin abinci, an shimfiɗa farin mayafi, ga guga uku babu ruwa, ga mataji.

"Goggo, lafiya? Wanki za a yi?"

"Wanki ne. Ni za ki wanke."

"Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan da tsakar rana?"

"Ba yau ba, sarkin tsoro. Koya miki zan yi."

Zubeda ta yi tsaye, ta dubi gugan, ta dubi tsohuwar. "Naku sun yarda da haka?"

"Namu ina suke?"

Zubeda ta tuɓe takalmanta ta ajiye a bakin ƙofa.

Toba malama ce mai zafi. Ta nuna mata daga kai ake farawa, sannan dama, sannan hagu, kuma ba a kifa mamaci, ba a buɗe sai inda ake wankewa.

"Ai mu ma haka muke yi," in ji Zubeda.

"Ban tambaye ki naku ba."

Zubeda ta miƙa hannu ta saman teburin za ta ɗauko mataji, Toba ta buge hannun. "Kul! Ba a ƙetare mamaci da komai. Zagayawa za ki yi. Mutum ne a kwance, ba kantar shago ba."

"To, Goggo. Ashe har a can ma ba za ki bar faɗa ba."

Sai maganar ruwa. Guga ukun nan, kafin na farko ya ƙare na biyu ya fara zuba, kafin na biyu ya ƙare na uku ya kama. In ruwan ya yanke ko na ƙiftawar ido ne, an koma farko. Zubeda ta ce wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, za ta zo da ƙanwarta. Toba ta ce ta zo da ita, amma ban da mai surutu. Sannan ta koya mata kalmomin da ake faɗa sau uku da harshen addu'arsu, ana cikin zubawa.

Zubeda ta ja baya kaɗan. "Me suke nufi? Kada ki sa ni faɗin abin da zai taɓa min addini."

"Tsarkakakkiya ce. Shi ke nan abin da suke nufi."

"Wannan kam zan iya faɗa."

"Ke taki mai sauƙi ce. Ni ce zan yi bayani in na isa gaban Ubangiji."

Saura gashi, shi kuwa ba ya koyuwa da baki. Toba ta taka kujera da ƙyar, Zubeda ta tallafa mata, ta kwanta a kan teburin da kayanta, ta ja mayafin har wuya, ta rufe ido.

"Kwance ɗankwalin. A hankali. Ki tallabi kan, kada ya bugu."

Zubeda ta zura tafinta a ƙarƙashin ƙeyar tsohuwar. Hannun da ɗumi, yana ƙanshin albasa da mai. Ta warware furfurar, ta soma taje ta daga baki-baki tana hawa sama, in ta ci karo da inda ya cukurkuɗe sai ta ajiye matajin ta raba da yatsa. Da gani ba yau ta fara ba. Toba ta buɗe baki za ta yi gyara, ta rasa abin gyarawa. A nan ne ta tuna, rabon da hannun wani ya taɓa kanta tun Ezra yana da rai. Hawaye suka gangaro ta gefe suka shige mata kunne, ba ta da halin sharewa, tunda ita gawa ce.

Zubeda ta gama, ta kwantar da kan a hankali. "Na yi daidai, Goggo?"

Ko uwar da ta koya wa Toba ba za ta fi haka ba.

"Ba ki iya ba," in ji Toba, idonta a rufe. "Sake daga farko."

Zubeda ta daɗe tana kallon fuskar. Ta zagaya teburin, ta jawo kujera ta zauna, ta sake ɗaukar matajin.