Ragon Sailuba

A unguwar Kusfa, cikin birnin Zariya, idan mutum ya shara ƙarya ba a ce masa maƙaryaci. Sai dai wani ya gyara zama ya ce, "To, ga ragon Sailuba ya tashi," kowa ya fashe da dariya. Yawancin masu faɗin haka ba su ma san wace ce Sailuba ba. Mika'ilu mai hoto kuwa ya sani, domin ita ta haife shi, kuma tana nan da ranta a ɗakin da ke kusa da rijiyar gidansu, idanunta sun yi yana, kunnenta kuwa garau.

Asalin maganar tun tana yarinya ne. Mahaifinta ya aike ta ta kai ragon layyarsa kiwo bayan ganuwa, wajen Kufena, ta dawo da yamma jiƙe sharkaf, babu rago. Ta ce hadari ne ya haɗo, wata baƙar igiya ta sauko daga cikin girgije har ƙasa tana juyawa, ta fizge ragon daga hannunta ta yi sama da shi. Guguwa dai kowa ya san ta, wadda ke tashi da rani ta kwashe wa mata faifai ta zuba musu ƙasa a miya. Amma wadda za ta sauko daga sama ta ɗauki rago mai ƙaho? Uban bai bari ta kai ƙarshen labari ba ya ciro tsumagiya. Har ya koma ga Allah yana ganin wasa ta tsaya yi aka sace dabbar. Ita kuma ta yi aure, ta haihu, ta ga jikoki, ba ta taɓa janye ko kalma ɗaya ba.

Abin yana ci wa Mika'ilu rai tun yana ƙarami, ya sha dambe a kansa a makarantar allo. Rannan, a shekarun da ake layin sabulu da madara, ya sayi tsire aka naɗe masa a takardar wata tsohuwar mujallar Turawa. Yana buɗewa sai ga hoto: baƙin girgije, da wani abu kamar igiyar rijiya ya zuro daga cikinsa ya taɓa gona. Ko naman bai ci ba ya nufi dakalin Bahago tela, inda majalisar unguwa ke zama, ya shimfiɗa musu takardar da maiƙonta.

Bahago, wanda ya fi kowa son tayar da ragon Sailuba, ya duba ta saman tabarau ya ce, "Wannan ai ƙasar Turawa ce, Mika'ilu. Mutanen da ke sa mutum ya tashi sama a silima? Kawo mana ta Zazzau mu gani."

"Zan kawo," in ji Mika'ilu. Ya faɗa ne kamar wanda aka ce ya kawo goro daga kasuwa.

Tun daga wannan damina ya zama abin kallo. Da hadari ya taso daga gabas, mata na kwashe shanya, masu tireda na jan kaya ciki, kowa na neman gida, shi kuwa sai ya ja ƙofar shago, ya naɗe kyamara a leda ya cusa cikin riga, ya buga Vespa ya fita ta Ƙofar Doka ya tunkari inda kowa ke gudu. Ya sha duka wurin ruwa, ya sha tura babur cikin taɓo, sau ɗaya ma tsawa ta tsaga giginya a gabansa har ya wuni yana jin ƙauri a hanci. A haka ya koyi sama. Ya gane hadarin da ke cika baki ya watse, ya gane wanda ke zubar da ruwa ya wuce salin-alin. Wanda yake nema shi ne mai faɗin kai kamar uwar maƙera, mai gindi baƙi ƙirin da ke saukowa ƙasa-ƙasa yana murɗawa a hankali.

Matarsa Barira ta gaji da shanya riguna ta ce masa mutane na cewa ya taɓu. Ita ma Sailuba ta kira shi ɗakinta ta ce, "Ka bar abin nan, Mika'ilu. Allah ya san gaskiyata."

"Allah ya sani, Inna. Bahago ne bai sani ba."

Ta yi dariya har da tari. Tarin ne bai yi masa daɗi ba. A bana ƙafafunta sun fara kumbura, ta daina fitowa tsakar gida sai an riƙe ta, shi kuwa ya ƙudura a ransa ba za a ɗauke ta daga gidan nan da sunan maƙaryaciya ba.

Ga kuma matsalar fim. A lokacin ya yi wuyar samu, sai mutum ya je har Kano ya dawo hannu biyu. Masu hoto da yawa suka koma wata dabara: a wurin biki, idan jama'a suka dame su, sai su ɗaga kyamara su kunna wutar kawai, wal, mutum ya tafi yana murna an ɗauke shi alhali ba a taɓa fim ba. Mika'ilu yana ƙyamar wannan ɗabi'a, yana kuma alfahari a gaban kowa cewa wutarsa ba ta taɓa haska fuskar mutum a banza ba. Ragowar fim ɗan kaɗan da ke cikin kyamararsa ya hana wa amare da masu suna, ya ajiye wa sama.

Wata Talata bayan azahar zafi ya yi nauyi, ko ganye ba ya motsi. Ya leƙo daga shago ya dubi gabas. Ga shi nan, yadda yake so, kai ya baje, gindi ya sauko. Ya bi hanyar Jos, ya haye gadar Galma, ya saki kwalta ya shiga burtali, hadarin na hannun hagunsa yana ƙara duhu. Bai yi nisa ba ƙanƙara ta fara zuba, manya-manya kamar goriba, ɗaya ta fasa masa fitilar babur. Dole ya faɗa zauren gidan farko da ya gani a wani ɗan ƙauye.

Mai gidan dattijo ne, Malam Ɗahiru, yana zaune da ƙanensa Ja'afaru suna gyaran igiyar shanu. Ba su tambaye shi daga ina ba sai da aka kawo masa fura, aka ba shi busasshiyar riga, aka jawo babur ɗin ciki. Garin canza riga ne kyamara ta bayyana. Idon dattijon ya kafe a kanta.

"Ashe mai hoto Allah ya kawo mana," in ji shi. "Ɗana yana aikin soja a Ikko, kullum saƙonsa ɗaya, in aika masa da hotona. Ni kuwa ban taɓa tsayawa gaban abin nan ba."

Mika'ilu ya dubi ƙofa, ƙanƙara na ta dukan ƙasa. Ya dubi kwanon furar da ya shanye, da rigar mutumin a jikinsa. Yatsansa ya san inda maɓallin wuta yake, kuma dattijon ba zai taɓa ganewa ba. Ya ji kunyar tunanin ma. Ya ce, "Malam, gyara hularka."

Ai kuwa ya buɗe ƙofar da ba ta rufuwa. An ɗauki Malam Ɗahiru shi kaɗai, sai ya ce ina amfani babu Ja'afaru. An ɗauke su tare, sai aka turo jikoki an shafe su da mai. Sannan aka ce tsohuwar gida, wadda ta haifi sojan, ita ma tana lulluɓi. Mika'ilu na ɗauka zuciyarsa na ƙuna, yana cewa a ransa saura dai ɗan abin da zai ishe shi. Bayan hoton tsohuwar ya tura ɗan ƙarfen naɗe fim da babban yatsa, ya ji ya cije: fim ya ƙare.

A daidai lokacin ƙanƙara ta ɗauke ɗif. Kajin da ke kuka suka yi shiru. Kunnuwansa suka toshe kamar ya nutsa a rijiya. Suka fito ƙofar gida su uku, sama ta yi wani irin kore-kore mai duhu, can bayan fadama kuwa gindin girgijen yana juyawa. Sai wani ɗan tsini ya leƙo daga cikinsa, ya ja da baya, ya sake leƙowa, ya miƙe har ƙasa. Inda ya taɓa, jar ƙasa ta tashi ta naɗe shi. Ƙararsa ta iso su kamar jirgin kaya na wucewa ta cikin ƙirjin mutum.

Malam Ɗahiru ya toshe kunne da yatsu ya fara kiran salla da iyakar muryarsa, yadda ake yi idan iska ta fi ƙarfin mutane. Mika'ilu ya ɗaga kyamara ya danna, ya sake dannawa, ko ƙyas. Sai ya sauke ta ya buɗe idanunsa ya kalla. Ya ga igiyar ta bi ta kan wata tsohuwar ɗorawa ta tumɓuke ta da saiwoyinta, ta ɗauke jinkar wani rumbu ta yi sama da ita tana wulwulawa kamar faifai. Ta ratsa gonaki ta yi arewa, ta sirance, ta katse daga tsakiya, ta koma inda ta fito. Hawaye na zubo masa yana dariya, yana cewa, "Wallahi Inna, wallahi."

Da zai tafi, dattijon ya tambaye shi yaushe zai kawo hotuna. Mika'ilu ya yi murmushi. "Ba zan kawo ba, Malam. Ku za ku zo ku karɓa, kai da Malam Ja'afaru, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ku tambayi gidan Sailuba a Kusfa."

A unguwa kuwa an samu abin yi. Da ya ce ya gani, aka ce ina hoto, ya ce fim ya ƙare, sai da Bahago ya ajiye almakashi don dariya. "Ɗa ya gaji uwa! Wannan karon me ya tashi, raƙumi?" Mika'ilu bai yi musu ba. Ya wanke hotunansa, ya sa Barira ta yi waina, ya gayyaci majalisar gaba ɗaya ƙofar gidansu.

Ranar Juma'a sai ga dattawa biyu da fararen riguna sun jingine kekuna. Aka gaisa, aka ci waina, Malam Ɗahiru ya daɗe yana kallon fuskarsa a takarda yana girgiza kai. Ba wanda ya tambaye shi, shi da kansa ya ce, "Ai ranar da aka yi hoton nan ba za mu manta ba," ya kwashe labari tun daga ƙanƙara har ɗorawa. Ja'afaru ya ce haka aka yi, a gabansa, kuma itacen na nan kwance ga mai son gani. A birnin da ke cike da alƙalai da malamai, kowa ya san matsayin maganar dattawa biyu da suka gani da idonsu. Bahago ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Sai aka ji murya daga cikin zaure. Sailuba ce, Barira na riƙe da ita.

"Malam baƙo, sannu da zuwa. Kafin igiyar ta sauko, me kuka ji?"

"Ba mu ji komai ba, Hajiya. Duniya ta yi tsit, kunnuwanmu suka toshe."

"Suka toshe," in ji ta a hankali. "Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ban kai wurin ba Baba ya ciro tsumagiya." Ta share ido da bakin mayafi. "Da ma yana nan ya ji."

Bahago ne ya taso ya durƙusa a bakin zaure ya ce, "Inna, ki yafe mana." Ta ce ta yafe, amma ya sani ragon nan fari ne mai baƙin kunne, idan zai ba da labarin nan gaba ya faɗa daidai.

Sannan ta juya inda take jin numfashin ɗanta. Duk shekarun da ya yi yana sana'a ba ta taɓa yarda ya ɗauke ta ba, takan ce ba ta son a rataye ta a bango ana nunawa ana dariya. Yanzu ta gyara mayafi, ta saki hannun Barira, ta tsaya da ƙafafunta.

"Mika'ilu, ɗauko abin naka."

Ya ce, "Babu fim, Inna."

"Na sani. Kunna wutar kawai, ita ce nake iya gani."

Ya ɗaga kyamara, ya daidaita ta sosai kamar yadda yake yi wa kowa, ya ce ta ɗago haɓa kaɗan. Ta ɗago. Wutar ta haska zauren, wal, ita kuwa ko ƙiftawa ba ta yi ba.