Matashi Na Shida

Mai katifa ya kasa zama. Ya je ƙarshen baranda ya dawo, ya sake komawa, rungume da sabon matashin kai wanda ko zaren bakinsa bai yanke ba. Tun hantsi aka shiga da matarsa ɗakin haihuwa, ga shi rana ta take.

Shekara tara suna neman wannan ciki. Likitoci sun ce ƙananan ƙuraje ne suka cika ma'ajiyar ƙwanta, shi ya sa al'adarta kan yi wata huɗu ba ta leƙo ba. Da cikin ya samu, sai ta ƙudura ba mai jin ƙorafinta. Ƙafa ta kumbura, ta ce lafiya lau. A wata na takwas ta ce in ta kwanta numfashi na yi mata wuya, sai ya ɗinka mata matashi. Bai isa ba, ya ƙara wani. Abin da ya iya ke nan, kuma ya iya shi sosai.

Likita ta fito da sauri.

"Malam, kai ne mijin? Matashi nawa take kwana a kai?"

Har ya ɗan murmusa. "Biyar, likita. Duk ɗinkina ne, auduga zalla. Ga na shida."

"Tun yaushe?"

"Wata guda ke nan. A zaune ma take barci."

"Ba ku faɗa ba a wajen awo?"

"Ai ba wanda ya tambaye mu zancen matashi."

Likita ta dube shi, ta sassauta murya. "Zuciyarta ce ta gaza, ruwa ya taru a huhunta. Masu irin lalurarta ta ma'ajiyar ƙwai sai an sa wa zuciyarsu ido." Ta koma ciki.

Tsoro da kunya suka rufe shi. Wata guda numfashinta na ƙarewa a gabansa, shi kuwa yana ta cusa auduga yana yabon kansa. Ya nemi inda zai ajiye matashin, ya rasa.

Can ya ji kukan jariri, kukan da ya yi shekara tara yana jira, amma bai ji daɗin komai ba. Ƙofar kawai yake kallo.

Bayan la'asar nas ta leƙo.

"An samu mace. Uwar kuma mun sa mata iska, ba ta fita daga haɗari ba tukuna." Ta miƙo hannu. "Kawo matashin. Ta ce namu kamar bulo."

Ya miƙa, amma yatsunsa suka ƙi saki. Sai da nas ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.