Keken Baba a Kan Sikeli

Ni na kafa sharaɗin, kuma ba zan ɓoye ba, na kafa shi ne don na tabbata ba zai cika ba.

Bayan an yi wa Baba aiki a ciki, likita ya zaunar da mu ya ce tafiya ba laifi, hawa keke ma ba laifi, har ƙara masa lafiya zai yi. Abu ɗaya ya hana: kada ya sake ɗaga abin da ya wuce kilo goma sha biyu, in ba haka ba ɗinki ya buɗe a koma gidan jiya. Baba ya yi ta gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki. Ni da nake aikin jinya na san irin wannan gyaɗa kan, na masu komawa gida ne su yi abin da suka ga dama.

Matsalar ita ce Baba da Mama a hawa na uku suke zaune, kuma mai gidan da suke haya ya hana ajiye keke a ƙasa tun da aka sace biyu a gindin matakala. Kullum da safe Baba kan saɓa kekensa a kafaɗa ya sauko, in ya dawo ya saɓa ya hau. Shi kuwa keken ba keke ba ne, ƙofar ƙarfe ce aka sa wa tayoyi. A kansa Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu a gidan waya, da ya yi ritaya kuma ya ci gaba da zagaya unguwannin da ya saba, yana gaisawa da mutanen da suka daina samun wasiƙa tuntuni.

Ranar da aka sallamo shi na ce a sayar da keken. Sai ya sa Mama ta ɗauko masa tsohon sikelinsa mai ƙugiya, wanda aka bar masa da zai bar aiki, muka rataya shi a ƙarfen saman ƙofar falo. Ni da maigidana muka ɗaga keken muka maƙala. Allura ta tafi ta tsaya a kan goma sha tara.

“To kin gani,” in ji Baba, “bakwai ne kawai suka yi yawa.”

Dariya ta kama ni, haushi ma ya kama ni. Na ce shi ke nan, ranar da allurar nan ta tsaya a kan sha biyu, ni da kaina zan buɗe masa ƙofa. Kafin nan kuwa na sa wa keken sarƙa da kwaɗo na jefa makullin a jakata. Ya ce in maimaita a gaban Mama. Na maimaita.

Na manta da wanda nake magana da shi. Mutumin da in ka miƙa masa ƙunshi zai jinjina shi a tafin hannu ya faɗa maka nauyinsa kafin ya kai sikeli, shi na ƙalubalanta da awo.

Washegari ya samo littafi ya ja layi biyu. Ya roƙi maigidana ya kai keken shagon wani tsohon abokinsa mai gyaran keke, wanda kowa ke kira Injiniya, na bi su na buɗe kwaɗon. Shago ne ɗan ƙarami, tayoyi a rataye har rufi, ƙasa baƙi ƙirin da man giris, ga benci guda mai ƙafa uku da bulo a madadin ta huɗu. A kan bencin nan Baba ya tare. Duk abin da Injiniya ya kwance, sai ya karɓa ya jinjina, ya ɗora a ƙaramin sikeli, ya rubuta. Madigadi biyu suka tafi. Murfin sarƙa ya tafi, fitila mai janareto da ta mutu tun ina firamare ita ma ta tafi. Aka cire sirdin nan mai sifirin kamar kujerar mota, aka sa wani siriri wanda Mama ta ce ko kaza ba za ta zauna a kai ba. Kan keken da fedoji na ƙarfe aka canza su da na alminiyam, na hannu, waɗanda Injiniya ya samo wajen masu tseren keke.

Kowace Asabar in na je gaishe su, littafin ne ke tarbata kafin ruwa. Sha bakwai da ɗari huɗu. Sha biyar da rabi. Mama ta ce mutumin nan har cokalin shayi ya fara jinjinawa, ita ma tana tsoron kada wata rana ya ɗora ta a sikeli ya ce a canza ta da ta alminiyam. Baba ya ce ita ai asali ce, ba a samun irinta a kasuwa. Suna ta barkwancinsu, ni kuwa idona na kan littafin, don lambar sai sauka take yi.

Da na ga haka sai na sake dabara. Na ce to, a ce ma ya kai sha biyun, in ƙaya ta huda masa taya a bayan gari fa? Zai kifar da keke a bakin hanya, ya durƙusa, ya yi ta kokawa da taya, ɗinkin da ake lallaɓawa ya tafi a banza. Na faɗi wannan ina jin daɗin kaina. Baba ya saurare ni har na gama, ya ce magana ce mai kyau, zai duba.

Bayan mako biyu ya kira ni a waya ya ce in biyo ta shagon Injiniya in na tashi aiki. Na tarar da wili biyu sababbi jingine da bango, na ɗaga ɗaya da yatsa biyu. Injiniya ya yi mini bayani yana ta washe baki. Waɗannan tayoyin ba a sa musu tiyub. Tayar ce ke kama bakin wilin gam, sai a zuba wani farin ruwa mai kauri a ciki. In ƙaya ta shiga, ruwan ya bi iska ya toshe hujin nan take, mai keke bai ma sani ba. Ba kifarwa, ba faci, ba durƙuso. Ga shi kuma an huta da nauyin tiyub biyu da tsofaffin wilin ƙarfe. Baba bai dube ni ba, yana ta rubutu, amma ina ganin gefen bakinsa.

Ɗaura su ma sai da aka sha fama. Famfon hannu ya kasa, iska na shiga tana fita ta gefe. Injiniya ya yi ta bugawa har gumi ya jiƙa masa riga, sai ruwan nan ya yi tsartuwa ya wanke wa Baba gaban farar rigarsa. Baba ya duba rigar, ya ce a ci gaba. Daga ƙarshe suka tsallaka wajen mai facin motoci, ya sa injin iska, taya ta ce tau ta zauna daram. Baba ya tattara lissafinsa ya ce sha ɗaya da ɗari tara da hamsin, in zo ranar Asabar da makullina.

Asabar da hantsi maigidana ya hau da keken. Sai da na tsaya na ƙare masa kallo. In ban da gangar jikin da fentinta ya koɗe, abu ɗaya ne ya rage daga tsohon keken: kariyar baya ta ɗora kaya, baƙin ƙarfe mai faɗi, wadda aka yi wa walda a wuri biyu. A kanta jakar wasiƙu ta yi shekara talatin da ɗaya. A kanta Mama ta zauna ranar da naƙudata ta kama ta babu mota a kusa, labarin da na ji ya fi sau ɗari. Ni ma a kanta na yi firamare, ina riƙe da rigar Baba ta baya. Duk makonnin nan Injiniya na cewa a cire ta, ta haura kilo guda, Baba na cewa a nemi nauyin a wani wuri.

Muka maƙala keken a ƙugiya. Allura ta yi rawa, ta wuce sha biyu kaɗan, ta tsaya. Baba ya sa tabarau ya matso. Sha biyu da ɗari da hamsin.

Ya buɗe littafinsa ya bi layi da yatsa, ya sake bi. Can sai ya rufe. Ashe tayoyin a bushe ya auna su, kafin a zuba musu ruwan, shi kuma Injiniya da ya tashi zubawa bai yi rowa ba, ya ce gara ya yi yawa.

“Wasiƙa na auna,” Baba ya ce a hankali, “na manta da ambulan.”

Na ci nasara ke nan, abin da nake nema tun farko. Amma wallahi ban ji daɗi ba ko kaɗan. Na dubi tsohon nan da tabarau a karan hanci, wata biyu yana bin giram ɗaya-ɗaya, sai tausayinsa ya rufe ni, kunya kuma ta kama ni. Na ce ai keken lilo yake yi, shi ya sa, bari in riƙe shi ya natsu a sake dubawa. Na kama tayar baya, na sa yatsa a ƙasa na ɗan tallafa. Allura ta dawo kan sha biyu cif. Na ce to ga shi nan, ya cika.

Baba ko allurar bai kalla ba. Hannuna yake kallo.

“Auta, ɗauke yatsanki.”

“Baba, giram ɗari da hamsin ne fa. Ko likitan ba zai ce komai ba.”

“Ba da likita na yi alkawari ba, da ke na yi. Shekara talatin da ɗaya ban sa wa kowa yatsa a sikeli ba, ba kuma za a sa mini ba.”

Na ɗauke. Ya ce maigidana ya sauke keken, ya ce Mama ta miƙo masa sifana mai lamba goma. Mama ta gane kafin ni. Ta tsaya da sifanar a hannu ta ce a rage ruwan tayar mana, ko a cire ƙararrawa. Ya ce ruwan shi ne amsar tambayar Auta, ƙararrawa kuwa ta mutanen hanya ce, ba tasa ba. Mama ta miƙa masa tana cewa ita dai ta daɗe da daina hawa.

Noti huɗu ne ke riƙe da kariyar. Uku suka kwance, na huɗun ya yi tsatsa ya ƙi. Maigidana ya miƙa hannu zai taimaka, Baba ya girgiza kai. Ya ɗiga masa mai, ya jira, ya sake murɗawa a hankali har ya saki. Muka mayar da keken kan ƙugiya, na koma gefe na harɗe hannuwana a baya inda zai gan su. Sha ɗaya ba giram hamsin.

Ya goge kariyar da tsumma, sama da ƙasa, ya miƙo mini.

“Riƙe wannan, taki ce. Ke kika fi kowa zama a kai.”

Na karɓa. Ta fi yadda nake zato nauyi. Na laluba jakata na ciro makullin kwaɗon na ajiye a kan tebur, na je na buɗe ƙofa kamar yadda na ce zan yi. Baba ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama, ya durƙusa kaɗan da gwiwa yadda likita ya koya masa, ya saɓa keken a kafaɗa.

Na tsaya a bakin matakala rungume da baƙin ƙarfen nan ina ƙirga takunsa. Hawa na biyu, hawa na ɗaya, bai tsaya hutawa ba. Mama ta zo ta tsaya a bayana ta dafa kariyar da hannu ɗaya. Daga can ƙasa muka ji ya kaɗa ƙararrawa sau biyu, kamar yadda yake yi in ya iso ƙofar mai wasiƙa.