Mai Raɗa da Uwar Shisshigi

A ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a garin Rajshahi, aikina raɗa ne. Ina zama a kan 'yar kujera bayan labule da rubutun wasa a hannu, idan ɗan wasa ya manta maganarsa sai in jefa masa farkonta a hankali, ya cafe ya ci gaba. Sunana Golam Kibria, tsohon mai sayar da magani ne ni, kuma tun kaina yana baƙi nake wannan raɗar.

Daraktanmu Tofazzal Bhai ne, wanda ya yi ritaya daga aikin inshora. A garinmu Bhai, wato ɗan'uwa, ake ce wa namiji don girmamawa, mace kuma Apa, wato yaya. Mutum ne da ba ya iya wuce ƙofa a rufe bai leƙa ba. Shi ke rubuta wasanninmu, shi ke shirya su, shi ke fara yaba su. Kansa sanƙo ne ƙwal, kuma yana shafa shi duk lokacin da zai faɗi abin da yake ganin hikima ce.

A bara ya rubuta wani dogon wasa a kan wata tsohuwa da ɗanta ya sayar da gonarta ta mangwaro. Dilruba Apa ce ta fito a tsohuwar. Ita kuwa tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce, rabin matan garin nan sun sha kashedi a bakinta, har yau in ta yi gyaran murya manyan mata sai su gyara zama.

Ranar da aka fara gwaji, muna shan shayi da samosa, Tofazzal Bhai ya shafa kai ya ce, "Daga yau babu takarda. Kowa a wayarsa zai karanta."

Na ce to, ba matsala. Ina da wata manhajar karatu da na daɗe da ita, 'yar ƙarama, ba ado. Ka buɗe rubutu ta nuna maka, ka ƙara girman baƙaƙe ta ƙara, shi ke nan ta ja bakinta ta yi shiru. Na nuna masa.

Ya riƙe wayar da yatsu biyu kamar an miƙa masa mataccen ɓera. "Kibria Bhai, wannan ai keken shanu ce. Mu jirgin sama za mu hau."

Jirgin saman nasa wata manhaja ce da ba zan faɗi sunanta ba, don kada in yi mata talla kyauta, ita da talla ya riga ya yi mata katutu. Ya ce amfaninta shi ne, da zarar ya gyara layi a gidansa, gyaran zai bayyana a wayar kowa. Abin da bai faɗa ba, sai daga baya muka gane, shi ne tana gaya masa wa ya buɗe wasan, yaushe, da kuma shafin da ya tsaya. Abin nema ya samu, mai leƙe ya haɗu da 'yar'uwarsa.

Tun a wurin saukewa ta fara nuna hali. Ta nemi sunana, na ba ta. Ta nemi ranar haihuwata. Ta nemi izinin ganin lambobin mutanen da ke wayata, da hotunana, da inda nake zaune. Dilruba Apa ta ɗaga gilashinta ta dubi tata wayar.

"Tofazzal, wannan karatu za ta nuna mini ko aurena take nema?"

"Tsaro ne, Apa. Ki danna eh kawai."

"Surukata ma ba ta yi mini waɗannan tambayoyin ba, Allah ya jiƙanta."

Apa ce ta raɗa wa manhajar suna Uwar Shisshigi, sunan kuma ya bi ta.

Gwaji ya koma abin takaici. Kana tsakiyar shafi sai tallan man gashi ya rufe maka rabin fuskar waya. Ka kore shi, na filaye a bakin kogin Padma ya fito. Ka kori wannan, sai ta tambaye ka ko kana jin daɗinta, ta jero taurari biyar tana jira, kamar maroƙin da ya zage ka kuma ya miƙo hannu. Alamar rufewa kuwa ƙanƙanuwa ce kamar ƙwayar riɗi, an ɓoye ta a lungu, yadda duk mai yatsa irin na tsofaffi sai ya kuskure ya faɗa cikin tallan. Wanda ya ƙera wannan abin ya san me yake yi. Ban san shi ba, amma na tabbata irin mutumin nan ne da zai zo ta'aziyya ya raba katin shagonsa.

Akwai kuma wani ɗan da'ira mai ƙyalli da ke yawo a gefen rubutu, wai shi mataimaki mai basira. Ba ya gajiya da cewa, "In taƙaita maka wannan?" Wata rana yatsan Dilruba Apa ya taɓa shi bisa kuskure. Ta karanta abin da ya fito da ƙarfi, da muryar taron ɗalibai:

"Wata tsohuwa ta yi fushi da ɗanta a kan gona. Ta yi ta magana. Daga baya ta mutu."

Wasan da Tofazzal Bhai ya shekara yana rubutawa ke nan.

"To," in ji Apa, "yau dai ta faɗi gaskiya."

Ni dai na gaji. Na kwafe wasan na mayar cikin tsohuwar manhajata, na ci gaba da aikina lafiya lau. Ba a yi mako ba Tofazzal Bhai ya tare ni a gaban kowa, yana kaɗa wayarsa.

"Kibria Bhai, an nuna mini ba ka buɗe wasan ba tun ranar Talata."

"Wa ya nuna maka?"

"Manhaja ba ta ƙarya."

"Akwai layin da aka manta ban jefa ba?"

"Ba maganar ke nan ba. Maganar tsari ce."

Na ƙyale shi. Amma shi bai ƙyale ni ba. Ranar wasa da safe ya sake rubuta jawabin ƙarshe na tsohuwa, wanda take yi a kan gado kafin ta cika, ya sa shi a cikin Uwar Shisshigi kaɗai, ya kuma kulle yadda ba a iya kwafewa. Na roƙe shi ya bari in rubuta da hannu a takarda, ya ce sabon jawabin sirri ne, ba ya so ya yi yawo. Dilruba Apa ta haddace abin da ta iya a cikin motar haya, tana tafe tana tsine masa.

Da la'asar zauren ya cika maƙil. Tofazzal Bhai ya zauna a layin gaba, kusa da wani ɗan jarida da ya gayyato, fitila na haska sanƙonsa. Wasa ya tafi daidai. Na riƙa bi a tsohuwar manhajata har aka zo fage na ƙarshe, sannan na buɗe Uwar Shisshigi, na nemo sabon jawabin, na riƙe wayar kamar mai riƙe da kwanon miya mai zafi.

Dilruba Apa tana kwance a kan gadon igiya. Ta fara jawabin da kyau, har na ji mata na jan majina a cikin zaure. Ta kai tsakiya, sai ta tsaya. Na san wannan tsayuwar. Ta ɗan juyo da ido wajen labule.

Na dubi waya. Babu jawabi. Wani shafi mai ruwan hoda ne ya rufe komai: "Albishir! Mun ƙara kyau! Zo mu zagaya da kai ka ga sababbin abubuwa!"

Na nemi ƙwayar riɗin nan. Na danna.

Wata murya ta fashe daga wayar, muryar saurayi mai cike da farin ciki, da kiɗa a bayanta, ta ratsa zauren nan da ya yi tsit: "Gashinka yana zubewa? Kada ka damu, ɗan'uwa!"

Ban san yadda na kashe ta ba. Na ji wani ya tuntsire a baya, dariya ta fara tasowa layi-layi, kuma duk wanda ya san daraktanmu idonsa na kan layin gaba. Na ce yau ƙasa ta tsage in shige.

Sai Dilruba Apa ta yunƙura ta tashi zaune a kan gadon mutuwarta. Ta juyo wajen labule, ta nuna ni da yatsa mai karkarwa, da muryar tsohuwar nan ta cikin wasa.

"Kai mai talla! Ko mutuwa ba za a bar mutum ya yi cikin natsuwa ba? Wa ya kira ka? Kun sayar da gonata, kun sayar da inuwata, yanzu kun biyo ni har bakin kabari da kwalbar mai? Fita! Fita daga gidana!"

Dariyar ta tsaya cak. Ta koma ta kwanta a hankali, ta watsar da sabon jawabin gaba ɗaya. Ta yi 'yan kalmomi nata na kanta a kan itacen mangwaron da mijinta ya dasa a shekarar aurensu, ta ce a gaya wa wanda ya saya kada ya sare shi, sannan ta rufe ido. Aka ja labule. Tafi kamar rufin zai faɗo.

Na fito ina shirin karɓar zagi, sai na tarar da Tofazzal Bhai yana shafa kai a gaban ɗan jarida.

"Da gangan na sa," yake cewa. "Kutsen kasuwa cikin rayuwar ɗan'adam. Na daɗe ina tunanin yadda zan nuna shi."

Ɗan jaridar yana ta rubutawa. Dilruba Apa ta zo wucewa da hodar tsufa a fuska, ta tsaya ta dube shi daga sama har ƙasa, irin kallon da take yi wa yarinyar da aka kama da satar amsa. Ta karɓi jakarta ta wuce.

Washegari ya kira ni a waya, murya ƙasa-ƙasa. Wai a wasa na gaba in sake kunna tallan daidai wurin nan.

"Ba ni na kunna ba, Tofazzal Bhai. Ita ta ga dama."

"To ka sa ta ga dama."

"Ka tambaye ta da kanka. Ai kun fi kusa."

Ya kuwa gwada. Ya wuni yana danne-danne, ta ba shi tallan filaye, ta ba shi na rancen kuɗi, ta nemi taurari biyar, na man gashi dai ya ƙi fitowa. A ƙarshe ya ɗauki muryarsa da kansa a waya yana cewa, "Gashinka yana zubewa?" ya kawo wurin gwaji. Dilruba Apa ta saurara har ƙarshe.

"Sau ɗaya ake korar mai talla," ta ce. "In kana son na biyu, ka kwanta a gadon ka mutu da kanka. Kuma gobe a kawo mini wasan a takarda, da manyan baƙaƙe, in ba haka ba ka nemi wata tsohuwar."

Babu wata tsohuwar a Rajshahi da za ta iya cika zaure, shi ma ya sani. Aka buga takardu.

A wurin na goge Uwar Shisshigi daga wayata. Ko a nan sai da ta tare ni da hoton wata fuska mai hawaye, tana tambayar dalilin rabuwarmu, ta ba ni akwatin rubuta amsa. Apa ta miƙo hannu ta karɓi wayar, ta gyara gilashi, ta zauna ta cika akwatin nan tsaf. Ban karanta ba. Na ga dai mai kawo mana shayi ya leƙa ta kafaɗarta, ya ce "Subhanallahi," ya kwashe kofunansa ya yi gaba.